Yadda Ake Auna Ƙwazon Ma'aikaci: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Duk mai karɓar albashi a hannun wani, ko ya sani ko bai sani ba, ana auna shi. A ma'aikatar gwamnati ana yin awon a kan fom mai shafuka da yawa, a banki ana yin sa a kwamfuta, a shagon yadi kuwa a zuciyar maigida kawai yake. Sakamakon wannan awo shi ke nuna wanda za a ƙara wa girma, da wanda za a tura kwas, da wanda za a jefa wani reshe mai nisa, da wanda za a fara sallama ranar da kamfani ya tashi rage ma'aikata. Abu mai nauyi irin wannan bai kamata ma'aikaci ya jahilci yadda ake yin sa ba. Shi kansa ogan, sau da yawa babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa. An dai miƙa masa fom an ce ya cika.

Hanyoyin awon suna da yawa, sunayensu ma sun fi su yawa, amma in aka tattara su, ɗaya daga cikin tambayoyi uku kowace take yi. Wata tana tambayar wane irin mutum ne ma'aikacin, wata tana tambayar me ake ganin yana yi a bakin aiki, wata kuma tana tambayar me ya samar a ƙarshe. Kowace tambaya tana da abin da take gani da abin da take makancewa a kai, kuma ma'aikata sukan karkata zuwa ga duk abin da suka ga ana ƙirgawa.

Al'adar ta daɗe. A shekarar 1800 Robert Owen ya karɓi ragamar masaƙar auduga ta New Lanark a Sikotilan, ya kuma fito da wata dabara mai sauƙi. Kusa da kowane ma'aikaci ana rataye ɗan guntun katako mai fuska huɗu, kowace fuska da launinta: baƙi na nufin aiki ya ɓaci, shuɗi na nufin dama-dama, rawaya na nufin an yi kyau, fari na nufin an yi fice. Kullum mai kula da sashe zai juya fuskar da ta dace da aikin jiya ta kalli jama'a, a kuma rubuta a littafi. Owen yana ratsa ɗakin saƙa, da kallo ɗaya ya san yadda kowa ya wuni jiya. Tsarin yana da tozartawa a cikinsa, domin duk wanda ya samu baƙi, kowa ya gani. Amma akwai abu biyu a ciki da ofisoshi da yawa na yau ba su kai ba: ana yin awon kullum, ba sau ɗaya a shekara ba, sannan wanda yake ganin an zalunce shi yana da damar kai ƙara wurin Owen da kansa.

Hanyar da ta fi yaɗuwa a duniya ita ce ta ba da maki. Ana jera halaye a takarda, kamar zuwa aiki a kan lokaci, da sanin makamar aiki, da biyayya, da iya zama da jama'a, da riƙon amana, sai oga ya ba kowanne maki daga 1 zuwa 5, ko harafi daga A zuwa ƙasa. Rundunar sojan Amurka ta yi amfani da irin wannan awo a kan hafsoshinta a Yaƙin Duniya na Ɗaya, da taimakon wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Walter Dill Scott, bayan yaƙin kuma kamfanoni suka ɗauka. Ba ta da tsada, ba ta cin lokaci, fom ɗaya ya ishi ma'aikata dubu. Shi ya sa har yau ta ƙi mutuwa.

Matsalarta tana wurin mai ba da makin. Tun a 1920 Edward Thorndike ya duba makin da manyan hafsoshi suka ba na ƙasa da su, ya ga wani abu da ya ɗaure masa kai. Duk wanda aka yaba wa surarsa da tsayuwarsa, sai a ga an yaba masa a basira da shugabanci da kyawun hali gaba ɗaya, kamar waɗannan abubuwa a ɗaure suke da juna. Ashe hali ɗaya da ya burge oga yakan haskaka sauran duka. Ku duba ofishinku. Wanda ya iya gaisuwa, ya iya sa kaya, ya iya magana a taro, da wuya a ba shi maki ƙasa ko da fayil na kwana a teburinsa. Wanda ba ya surutu kuwa, yana duƙe a kan aiki, sai a ce ba shi da kuzari. Akwai kuma ruɗin abin da ya faru kwanan nan: kuskure ɗaya a watan Nuwamba yakan shafe ƙoƙarin wata goma, hidima ɗaya da aka yi wa oga ana gab da cika fom takan wanke sakacin shekara. Wani ogan mai hannun kyauta ne, kowa 5. Wani mai tsanani ne, a wurinsa ba mai wuce 3. Wani kuma yana gudun rigima, sai ya tara kowa a tsakiya.

Masu bincike sun gwada girman wannan matsala. A wani nazari da Scullen da Mount da Goff suka wallafa a 2000, an duba makin da aka ba manajoji 4,492, kowannensu shugabanni da abokan aiki da na ƙasa da shi sun auna shi. An gano kashi 53 zuwa 62 cikin 100 na bambancin makin ya samo asali ne daga yanayin masu ba da makin, ainihin ƙwazon wanda ake aunawa kuwa kashi 21 zuwa 25 kacal ya ɗauka. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, kuma da gaskiyarsu a kasuwar hatsi. A kan aikin mutum na wata goma sha biyu kuwa, idon oga shi kaɗai ya fi bayyana ogan a kan ma'aikacin.

Duk wanda ya yi aikin gwamnati a Najeriya ya san wannan hanya da sunan APER, wato rahoton ƙwazon aiki na shekara. Kafin zuwansa abin da ake da shi rahoton sirri ne da aka gada daga Turawan mulkin mallaka. Oga zai rubuta abin da ya ga dama a kanka, a kulle a fayil, kai ba ka gani ba. Mutum sai ya shekara da shekaru a mataki ɗaya bai san jimlar da ta daƙile shi ba. Kwamitin Jerome Udoji, wanda ya yi aikin sake fasalin aikin gwamnati daga 1972 zuwa 1974, shi ya ba da shawarar a buɗe rahoton. A sabon tsarin ma'aikaci ne ke fara cika nasa ɓangaren, ya faɗi ayyukan da ya yi da kwas ɗin da ya halarta. Sai shugabansa na kusa ya ba shi maki, a nuna masa, ya sa hannu cewa ya gani, sannan wani babba a sama ya sake dubawa ya sa nasa hannun. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma bai kamata a raina shi ba.

Sai dai buɗe rahoton ya zo da tasa matsalar, wadda duk mai zama cikin jama'armu zai gane. Oga da yaronsa unguwarsu ɗaya, sahu ɗaya suke sallah, watakila ma akwai surukuta a tsakani. Ta yaya zai dube shi ido cikin ido ya rubuta masa maki ƙasa? Sai ka ji ana cewa, "Kada in zama sanadin hana shi cin abincinsa." Kunya da kara suka shiga, sai kusan kowa ya zama gwarzo a takarda, a ma'aikatar da jama'a ke kuka da ita a waje. Ƙari a kan haka, ƙarin girma a aikin gwamnatin tarayya yana da wa'adi: shekara 2 ga mai mataki na 6 zuwa ƙasa, shekara 3 ga mataki na 7 zuwa 14, shekara 4 ga mataki na 15 zuwa 17. Saboda haka ba baƙon abu ba ne a ga ma'aikaci bai tuna da fom ɗin ba sai wa'adinsa ya cika, sannan ya ɗauko na shekara uku a haɗe ya kai wa oga ya sa hannu a zama ɗaya. Wani lokaci ma ogan bai taɓa aiki da shi a shekarun farko ba. Wannan ya sa gwamnatin tarayya, a zamanin da Folasade Yemi-Esan take shugabar ma'aikata, ta ɗauki hanyar maye gurbin APER da sabon tsarin da ake kira PMS, a ƙarƙashin shirin gyaran aikin gwamnati na 2021 zuwa 2025. A sabon tsarin ana so kowane ma'aikaci ya ƙulla yarjejeniya da shugabansa tun farkon shekara a kan abin da zai cim ma, a riƙa dubawa lokaci-lokaci.

Tunanin da ke ƙarƙashin wannan gyara ba sabo ba ne, Udoji ma ya kawo shi a rahotonsa. Asalinsa littafin Peter Drucker ne na 1954, The Practice of Management, inda ya ce a daina tambayar wane irin mutum ne ma'aikaci, a zauna da shi a tsara maƙasudai, a ƙarshe a duba ko an kai. Maimakon a rubuta wa akawun fansho "mai himma" ko "marar himma", sai a yarda da shi tun Janairu cewa duk fayil ɗin da ya shigo teburinsa zai fita cikin kwana biyar na aiki, kuma kafin Yuni zai kammala shigar da tsoffin fayiloli a kwamfuta. A Disamba ba a buƙatar gardama a kan halinsa, rajistar shiga da fita ta fayil za a buɗe. Andy Grove ya gyara wannan hanya a kamfanin Intel, John Doerr kuma ya kai ta Google a 1999, daga nan ta bazu a kamfanonin fasaha.

Ina ganin wannan ta fi ba da maki a kan halaye adalci nesa ba kusa ba. Amma tana da haɗari mai girma, kuma bankin Wells Fargo na Amurka ya nuna wa duniya shi. An ɗora wa ma'aikatan rassan bankin adadin sababbin asusu da katuna da dole su buɗe, ana bibiyarsu kullum, alawus da zaman mutum a bakin aiki duk sun rataya a kan lambar. Da abin ya fi ƙarfinsu, sai suka shiga buɗe asusu da sunan abokan ciniki ba da saninsu ba. A 2016 asiri ya tonu. An ci bankin tarar dala miliyan 185, an bayyana cewa an kori ma'aikata kusan 5,300, asusun da ake zargi kuwa an fara ƙiyasta su kusan miliyan 2, daga baya adadin ya kai miliyan 3.5. Lambobin da ake aunawa sun yi ta hawa shekara da shekaru, amanar da banki ke rayuwa a kanta tana rushewa a ƙasa. Duk inda aka ɗora rayuwar mutum a kan lamba ɗaya, zai nemo hanyar cika lambar, ta halal ko ta haram. Makarantar da ke auna malami da yawan ɗaliban da suka ci jarrabawa kaɗai, kada ta yi mamaki in ta tarar da shi yana rubuta amsa a allo. Asibitin da ke ƙirga yawan marasa lafiyar da likita ya gani a rana, ya shirya ganin likitan da ke rubuta magani kafin mara lafiya ya gama zama.

Don maganin wannan ne Robert Kaplan da David Norton suka fito a 1992 da tsarin auna fuskoki huɗu tare: kuɗi, gamsuwar abokan ciniki, ingancin yadda ake gudanar da aiki, da kuma koyo da ci gaban ma'aikata. Don auna kamfani gaba ɗaya aka ƙirƙire shi, amma darasinsa ya shafi mutum ɗaya ma. In za a ƙirga yawa, a haɗa da wani ma'auni da zai kama wanda ya sayar da inganci don ya cika yawan.

Hanyar da na fi so, kuma wadda ko mai shago da yara uku zai iya amfani da ita gobe, ita ce ta rubuta muhimman abubuwan da suka faru. John Flanagan ne ya bayyana ta a 1954, daga aikin da ya yi a kan matuƙan jiragen yaƙin Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Oga zai ajiye ɗan littafi. Duk ranar da ma'aikaci ya yi wani abu da ya yi fice, mai kyau ko maras kyau, sai ya rubuta kwanan wata, da abin da ya faru, da abin da ya haifar. Ba zai rubuta "ba shi da ladabi" ba. Zai rubuta cewa ranar kaza wata tsohuwa ta zo da takardun da ba su cika ba, ya daka mata tsawa a gaban jama'a, ta tafi ba ta dawo ba. Ba zai rubuta "mai gaskiya ne" ba. Zai rubuta cewa ranar kaza dila ya yi kuskuren ƙara katan biyu a lodi, shi ya gano, ya kira a mayar. In ƙarshen shekara ya zo, abin da ke gabansu tarihi ne na wata goma sha biyu, wanda kowannensu zai iya tunawa ya tabbatar ko ya musanta. Sharaɗinta ɗaya: kada littafin ya zama na tara laifi a ɓoye. Abin da aka rubuta yau a faɗa wa mai shi yau, kuma alherinsa ya shiga kamar yadda kuskurensa ke shiga.

Daga wannan ne Patricia Smith da Lorne Kendall suka gina wata hanya a 1963, a wani aiki da suka yi a kan ma'aikatan jinya. Makin 1 zuwa 5 yana nan, amma kowane maki an liƙa masa misalin aikin da ake gani da ido. A ce ana auna yadda nas ke kula da mara lafiya. Mai maki mafi ƙasa ita ce wadda za a kira ta daga gado ta ji ta yi shiru. Na tsakiya ita ce wadda ke ba da magani a kan lokaci amma ba ta bayyana wa mara lafiya ko na mene ne ba. Na sama ita ce wadda ta lura mara lafiya bai taɓa abincinsa ba, ta tambayi dalili, ta sanar da likita. Da irin wannan bayani, oga mai hannun kyauta da oga mai tsanani za su fi kusantar juna, ita ma nas ɗin ta san abin da za ta yi ta haura. Wahalarta ita ce sai an zauna da masu yin aikin an tsara wa kowane irin aiki nasa misalan, abin da ke cin lokaci da kuɗi.

Akwai kuma awon da ake yi daga kowane ɓangare, wanda ake kira 360, inda ake jin ta bakin shugaba da abokan aiki da na ƙasa, wani lokaci har abokan ciniki, a ɓoye sunayensu. Yana da amfani wajen tona ogan da ke durƙusa wa na sama yana taka na ƙasa. Amma a ofis mai mutum biyar ɓoye suna ba ya yiwuwa, kowa ya san salon maganar kowa. In kuma aka ɗaura shi da albashi, sai ya koma "ka yabe ni in yabe ka", ko wurin ramuwar gayya. Don gyara hali ya fi dacewa.

Hanyar da ta fi kowace zafi ita ce jera ma'aikata daga na farko zuwa na ƙarshe bisa dole. Jack Welch, wanda ya shugabanci General Electric daga 1981 zuwa 2001, shi ya sa ta yi suna: kashi 20 na sama a cika su da lada, kashi 70 na tsakiya a riƙe su, kashi 10 na ƙasa a sallame su, kuma haka za a yi kowace shekara. Tana kashe al'adar ba kowa 5, wannan gaskiya ne. Amma in sashe yana da mutum goma duk gwanaye, dole a nemo ɗaya a kira shi rago. Daga nan ba wanda zai ƙara koya wa abokin aikinsa komai, tunda hawan wani faɗuwar wani ce. Microsoft ta yi shekaru tana amfani da irin wannan tsari, ta watsar da shi a 2013.

Wasu masana tun tuni suka ce matsalar ta wuce zaɓen hanya. W. Edwards Deming, wanda ya taimaka wa masana'antun Japan bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya lissafa awon shekara-shekara cikin manyan cututtukan da ke kashe kamfanoni. Hujjarsa ita ce mafi yawan gazawa daga tsarin aiki take, ba daga ma'aikaci ba. Wannan magana ta shafe mu ƙwarai. Ma'aikacin da ofishinsa ke wuni babu wuta, babu takardar buga wasiƙa, albashinsa na makara, in an zo auna shi sai a fara da tambayar abin da aka ba shi ya yi aikin da shi. Kamfanoni da dama sun rage dogaro da zaman ƙarshen shekara. Adobe ta soke shi a 2012 ta koma ganawa akai-akai tsakanin shugaba da ma'aikaci. Deloitte ta bayyana a 2015 cewa ta lissafa ta ga tana kashe kusan awa miliyan 2 kowace shekara a kan cika fom da tarukan ba da maki ga ma'aikata 65,000, sai ta sake tsari. Ba su daina auna mutane ba, sun dai gane cewa gyaran da aka jinkirta wata goma sha ɗaya ba ya gyara komai. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, amma sai an faɗe shi tun kayan suna bisa kai.

Ga mai shugabantar mutane, ko ofis ne ko shago ko makarantar kuɗi, abin da zan roƙa kaɗan ne. A faɗa wa kowa tun farko abin da ake so daga gare shi, a rubuce, da kalmomin da zai iya maimaitawa. A riƙa zama da shi ko na minti goma ne kowane wata. A raba zaman gyara da zaman maganar kuɗi, domin wanda ke jiran jin ƙarin albashinsa ba ya sauraren nasiha. Kuma a tuna cewa ba rago maki mai kyau don kunya ba tausayi ba ne, zalunci ne ga wanda ke ɗauke da aikinsa a tebur na kusa, da talakan da ke jiran fayil ɗinsa ya fito.

Kai kuma ma'aikaci, kada ka jira Disamba. Tun farkon shekara ka sami shugabanka cikin ladabi ka ce, "Ranka ya daɗe, waɗanne abubuwa ne za a duba a aikina bana?" Ka rubuta amsar, ka nuna masa ya tabbatar. Ka ajiye naka littafin: aikin da ka gama da kwanan watansa, wasiƙar yabo in an ba ka, kayan aikin da ka nema a rubuce ba a kawo ba. Ranar da aka miƙo maka fom, kada ka sa hannu a kan wanda ba a cika ba, kada kuma ka sa hannu ba ka karanta ba. In ka ga makin da ba ka yarda da shi ba, ka nemi a ba ka misali da rana da wuri. In ba a ba ka ba, ka rubuta rashin amincewarka a gurbin da aka tanada a fom ɗin ko a takarda daban, a taƙaice ba tare da zafi ba, ka kawo hujjarka daga littafinka, ka nemi a haɗa ta da rahoton kafin ya wuce teburin babban da zai sa hannu na biyu, sannan ka riƙe kwafi.